Filogin da Baba Ya Cire

Tun da na dawo daga Gana ban huta ba. A makarantar da nake koyar da kwamfuta, a coci, har wurin mai kayan miya na bakin layinmu a Narayi, tambayar ɗaya ce: "Rifkatu, yaya Gana? Me ma ya kai ki?" Na ba da labarin har na gaji, kuma na lura duk wanda ya ji shi a bakin wani sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wata ta tare ni tana yi mini barka, wai ta ji Turawa sun ɗauki Babana aiki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Dole in fara da 'yar na'urar da ke ɗakina, domin ita ce ummul'aba'isin tafiyar. Ba ta fi rediyon Baba girma ba. Akwai abin da ake kira bulokcen. In aka cire masa manyan kalmomi, littafi ne guda ɗaya wanda dubban kwamfutoci a duniya kowace take riƙe da kwafinsa. Duk bayan 'yan daƙiƙoƙi ana ƙara masa sabon shafi, kowace kwamfuta ta karɓa ta duba ta ajiye, don kada mutum ɗaya ya kulle ƙofa ya sauya rubutun. Tawa ba a kan na gasken take ba. Tana kan na gwaji, inda ake jarraba sabon abu kafin a kai shi inda dukiyar mutane take. Ba na samun ko sisi a ciki. Sha'awa ce kawai, irin ta masu kiwon tantabara.

To, masu gina abin suna so su ƙara yawan kayan da kowane shafi yake ɗauka. Matsalar ita ce, in kayan ya fi ƙarfin layin intanet na gida, irinmu ne za mu fara faɗowa daga motar, a bar littafin a hannun manyan kamfanoni masu faffaɗan layi. Shi ne suka kira taro a Accra don a yi ta lafta wa layin gwajin kaya har a ga inda zai durƙusa, daga nan a yanke adadin da kowa zai bi. A taswirar da suke nuna na'urori a kai, ɗigon da ke kan Kaduna nawa ne, shi kaɗai. Burina ɗaya a tafiyar nan: a yanke adadin da ba zai share wannan ɗigon ba.

Ni da ƙawata Binta aka gayyata. Malamar lissafi ce a makarantarmu, 'yar Unguwar Mu'azu, kuma tare muka haɗa na'urar. Binta za ta iya zama ta yi maka bayanin yadda duniya za ta kasance nan da shekara hamsin, amma ko da wuƙa a wuya ba za ta shiga jirgin sama ba. Ta ce tana da gwaggo a Accra da za ta sauke mu, mota kuma ba ta taɓa faɗowa daga sama ba. Haka muka yanke shawarar bin hanya.

Saura wanda zai kula da na'urar, kuma babu kowa a gidan sai Baba. Sunansa Ayuba, ya yi shekara talatin yana tsaron injin saƙa a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Yana girmama inji kamar mutum, amma yana tsoron tsawa. Tun shekarar da ta ƙone mana talabijin, da zarar hadari ya haɗo daga gabas sai ya bi ɗaki-ɗaki yana cire filogi, har agogon bango mai batir sai ya tsaya ya yi masa kallon tuhuma. In ina gida nakan kulle ɗakina. Yanzu kuwa dole in ba shi makulli, ga shi tsakiyar damina.

"Baba, don Allah," na ce, "ko sama za ta faɗo kada ka taɓa wannan. Akwai sola, akwai batir, ko an ɗauke wuta ba ruwanta."

"Eriyar da kika kafa a kan rufi fa?"

"Na sa mata abin kariya."

"Abin kariya," ya maimaita a hankali, yana kallon silin. "To, na ji. Allah ya kai ku lafiya."

Da sassafe muka shiga motar Legas. Kusa da mu wata mata ce mai jiki, Madam Nkechi, mai shagon atamfa a Sabon Tasha, za ta Kwatano saro kaya. Kafin mu wuce Kateri ta naɗa kanta uwar tafiyarmu: ita ke cewa a buɗe taga, ita ke tsawata wa direba, ita ta zaɓa mana kifi a Lokoja ta kuma yi ciniki kamar za a daku. Da ta tambayi kayan da muke sarowa a Gana, Binta ta gyara zama ta fara darasi. Madam ta saurara tana cin kifinta, can ta ce, "Oho. Adashi ne wanda kowa yana da littafi, uwar adashi ba ta iya gudu. Me ya sa ba ki faɗa haka tun farko ba? Kina ta turanci kamar lauya." Ni dai dariya na yi ta yi, domin ban taɓa jin wanda ya taƙaita abin kamar ita ba.

Duk tsawon hanya wayata na hannuna ina leƙa taswira in ga ɗigon Kaduna kore ne. Binta ta ce ko mai jegon da ta bar jariri a gida ba ta kai ni ba. Legas kuwa ba ni da abin faɗa a kanta. Mun shige ta a gajiye, mun kwana a wurin 'yar'uwar Madam, mun bar ta a gajiye.

A kan iyakar Seme aka nemi fasfo da katin allurar shawara. Nawa na hannuna. Na Binta kuwa ta yi masa ajiyar tsohuwa, a can ƙasan jaka, ƙarƙashin tsarabar gwaggonta. Sai da ta zazzage komai a kan tebur: kuka, daddawa, kilishi, da wani ƙullin yaji da ya zaɓi wannan lokacin ya fashe. Jami'in ya yi atishawa sau huɗu a jere, na bayanmu a layi suka karɓa. Na ce yau mun kwana a nan. Ashe mutumin Zariya ne. Ya share hawaye ya ce da Hausa, "Malama, wata takwas rabona da gida, yau kin kai ni har ɗakin tsohuwata." Ya buga mana hatimi yana dariya.

Muna taka ƙasar Benin wayata ta mutu murus, babu sabis ko ɗigo. Daga nan har Gana ban sake ganin taswirata ba, na koma kallon mutane dole. A Kwatano 'yan acaɓa duk rigarsu ɗaya, ruwan ɗorawa, da lamba a baya. Mata kuma suna tuƙa baburansu da kansu, jaka a kafaɗa, dogon burodi kamar sanda a hammata, ba mai ko waiwayarsu. A nan muka rabu da Madam Nkechi, bayan ta damƙa mu a hannun direban Lome kamar kayan amana ta ce masa ta san gidansu.

A Lome muka kwana, a wani ɗan masauki mai tsabta. Na zaro caja zan sa, sai na ga soket ɗin ramuka biyu ne zagayayyu, namu kuma ƙafa uku ne masu faɗi. Binta ta ce in bar mata, ai ta yi Faransanci a sakandare. Muka sauka wurin mai masaukin, ta gaishe shi da kyau, daga nan Faransancin ya ƙare, ta koma nuna bango da yatsu biyu. Mutumin ya sunkuya. Ya jawo wani kwando cike da adafta daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Najeriya?" Da alama ba mu ne farau ba. Da safe muka sha kofi a kwano kamar kunu, muka ci taliya da ƙwai a bakin titi, muka gano kuma agogon garin yana bayan namu da awa ɗaya. Binta ta ce tunda aka haife ta ba a taɓa yi mata kyautar lokaci ba sai a Togo. Iyakar Gana a bakin garin take, da ƙafa muka tsallaka.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Accra shi ne layi. Mutane suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya suna jiran motar haya, ba ture, ba shiga ta taga. Na tuna tashar Sabo da yamma na ji kunya ta kama ni. Kuma komai za su faɗa sai sun fara da roƙo, ko da ƙin abu za su yi. Sai manyan allunan sanarwar rasuwa a kan tituna, masu hoton mamaci yana murmushi, waɗanda da farko na ɗauka na 'yan takara ne.

Gwaggon Binta, Gwaggo Memuna, tana zaune a Nima, unguwar da in ka rufe ido za ka ji Hausa ta ko'ina, sai dai an ɗan sauya mata kiɗa. Tsohuwa ce siririya mai kaifin baki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da Binta, "Wannan ba ta cin abinci ne a Kaduna?" Daga ranar ta ɗaura aniyar gyara ni. Da safe koko da ƙosai, wanda a can da sunan Hausawa ma ake sayar da shi. Da rana shinkafa da wake jajaye, an dafa su da karan dafi, an zuba musu taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a cikin ganye ɗaya. Dokunu, tuwon jiƙaƙƙiyar masara da ake naɗewa a ganye, shi ne kaɗai ya ba ni wuya. Ranar farko don kunya na haɗiye shi, tsaminsa har kunne. Rana ta uku ni ce na tambaya ko akwai saura.

Wurin taron wani babban zaure ne. A tsakiyarsa dogon tebur, an jera 'yan na'urori irin tawa guda arba'in, kowace da lambarta. An shaƙe wa kowace layinta da gangan, kamar yadda ake matse tiyo, don ta yi kama da ta gidan talaka. A bango ga babban allo mai taswira: ɗigogin teburin a gefe ɗaya, ɗigogin 'yan sa-kai na gidaje a warwatse a duniya, har da nawa. Kore yana nufin na'ura tana tafiya daidai da kowa. Ja yana nufin an bar ta a baya.

Jagoran gwajin wani dogon Bature ne mai suna Tomas, wanda ya zo taro da gajeren wando da silifa, abin da ko ɗalibina ba zai yi ba. Mutumin kirki ne, sai dai in yana kallon lambobi ba ya ganin mutum. Mai kula da na'urorin teburin kuwa 'yar Gana ce, Efuwa, mai magana ƙasa-ƙasa. A ranar farko na ce da Tomas matsewar tasu ta cika tsabta. Layin gida ba siriri ba ne kawai, yana zuwa yana tafiya. Ya gyaɗa kai ya ce magana ce mai ban sha'awa. Daga baya na fahimci in suka faɗi haka, to, ba su ji ka ba.

Rana ta biyu aka fara lafta kaya. Ƙunshi uku a kowane shafi, awa guda, duk kore. Aka kai shida, kore. Aka kai tara, wasu ɗigogi suka ɗan yi rawa suka tsaya. Bayan cin abincin rana aka kai sha biyu, adadin da Tomas yake fata tun farko. Na riƙe hannun Binta har ta ce zan karya mata yatsa. Ɗigon Kaduna ya tsaya kore shar. Mutane suka riƙa zuwa suna ba ni hannu, wani ma ya ɗauki hoton allon. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Tomas ya ce in aka cika awa a haka, zai rubuta cewa sha biyu ta ci jarrabawa.

Wajen ƙarfe uku na can, huɗu a gida, ɗigona ya ɓace.

Ba ja ya yi ba, ɓacewa ya yi ɗungurum. Na kira Baba, ba ta shiga. Na sake kira, na sake. Minti ashirin cur ina zagaye zauren kamar kazar da za ta yi ƙwai, sannan ɗigon ya dawo, ja wur. Na ce to, yanzu zai kamo su. Sai dai lambar da ke gefensa, mai nuna shafi nawa aka bar shi a baya, maimakon ta ragu sai ƙaruwa take yi. A nan ne wayar ta shiga, ina jin ruwa yana dukan kwano a bayansa.

"Baba, me ya faru da na'urar?"

"Hadari ne, 'yata. Irin wanda ban taɓa gani ba bana. Tsawa ta faɗi a bayan gidan su Mama Talatu, har ƙasa ta girgiza. Na ce gara in cire na ɗan lokaci. Amma na mayar, ga fitilarta nan tana ci."

Ban san sanda murya ta ta ɗaga ba. "Me na ce maka? Abu ɗaya na roƙe ka, Baba, abu ɗaya! Na ƙetare iyaka uku don wannan ranar, ka kunyata ni a gaban duniya!"

Can ya ce, "Yi haƙuri, Rifkatu. Na ɓata miki aiki." Ya kashe wayar. Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ba ni haƙuri ba, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Na dawo na tarar Tomas yana bayani. Ya ce abin takaici ne, amma wannan kuskuren mutum ne, ba na layi ba. Za a cire Kaduna daga lissafi, sauran duk kore ne, sha biyu ta tsaya. Ya faɗa da tausayi, har ya dafa mini kafaɗa. Wato ni da na zo don kada a share ɗigona, da hannun gidanmu aka ba su abin sharewa.

Binta ce ta matso kunnena. Ita duk wannan hayaniyar lambar take kallo. Ta ce, "Rifkatu, minti goma ke nan da mayar da ita. Layinki bai canza ba, shi ne ya ɗauki sha biyu ɗazu. Me ya hana ta kamo su?"

Na tsaya. Amsar ba ta da wuya da zarar an yi tambayar. Sababbin shafuka sun cika layin taf, babu sararin da za a jawo na baya. Waɗanda za ta roƙa su ba ta abin da ya wuce ta, su ma layinsu a cike yake. Duk wanda ya tsaya ya ɗaura takalmi, an tafi an bar shi ke nan. Sai na tuna abin da Baba yake yawan faɗa game da sababbin ma'aikata a masaƙa, cewa shi ba ya duba mutum sa'ad da inji ke gudu lafiya, sai zare ya tsinke ya ga ko zai ɗaura ya kamo 'yan layinsa kafin a tashi.

Na gaya wa Tomas haka. Ya ce magana ce mai ban sha'awa.

Zuciyata ta kawo wuya. Wanda ya san ni ya san ba na shawara da kaina a irin wannan lokacin. Na taka zuwa dogon teburin, na kama wayar na'ura mai lamba goma sha bakwai, na fizge ta daga soket.

Zauren ya kaure da hayaniya. Tomas ya riƙe kai da hannu biyu yana faɗin wani abu da yarensu wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Wani ya taso zai mayar. Efuwa ce ta tare shi, da muryarta ta ƙasa-ƙasa: "Don Allah a bar ta. Tebur nawa ne. Minti ashirin, mu gani." Binta kuwa ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," ta ce. "Ke da Baba, a raba ku da soket kawai."

Minti ashirin ɗin nan sun fi tafiyar Legas tsawo. Ina tsaye da wayar na'urar a hannu ina tunanin in na'urar ta kamo su, da wane ido zan fita daga zauren. Da lokaci ya cika Efuwa ta karɓa ta mayar da kanta. Ɗigo na goma sha bakwai ya fito ja. Lambar gefensa ta tsaya, ta ɗan yi kamar za ta sauka, sannan ta fara hawa, daidai yadda ta Kaduna take hawa.

Tomas ya matsa kusa da allo har hancinsa ya kusa taɓa shi. A nan na ga kirkinsa. Bai yi musu ba, bai nemi hujja ba. Ya juyo ya ce, "Ku cire guda biyar." Aka cire biyar, aka mayar, duk ja. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Ashe duk koren nan da muke tafa wa hannu, kore ne na wanda bai taɓa tuntuɓe ba.

Sai aka fara sauke kaya. Aka dawo goma, jajayen suka daina nisa amma ba su matso ba. Aka dawo tara, suka fara rarrafe. A takwas ne lambobin suka riƙa zubewa, na tebur suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Na Kaduna ne na ƙarshe, domin shi ya fi daɗewa a baya. Mutum sittin suka tsaya suna ƙirga masa da baki kamar ana jiran sabuwar shekara, da ya koma kore aka yi ihu har mai gadi ya leƙo. Tomas ya rubuta takwas. Ya kuma ƙara sabon sharaɗi: daga yau babu adadin da zai ci jarrabawa sai an kashe na'ura an kunna ta kamo sauran. Ya tambaye ni sunan mutumin da ya cire filogin.

Na kira Baba sau uku a yammacin, bai ɗauka ba. Washegari ya ɗauka, ya tambayi lafiyata da ta Binta, ya ce na'ura tana nan lafiya, bai ko shiga ɗakin ba. Na fara bayani ya ce kada in ƙona kati, sai na dawo. Dawowar ba ni da labarinta sosai. Gwaggo Memuna ta cika mana jaka da baƙin yajin nan, mun bi iyakokin a juye, an karɓe awar da Togo ta ba Binta. Ni dai hankalina yana Narayi, kuma ba a kan na'ura ba.

Na iso da hantsi. Baba yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Ya yi mini sannu da hanya, ya miƙo mini makullin ɗakina da hannu biyu ba tare da ya dube ni ba. Na buɗe na shiga. A jikin bango, daidai saman soket, an manna takarda da salatif, da rubutunsa na manyan baƙaƙe irin na rahoton masaƙa: AYUBA, KADA KA TAƁA.

Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata. Sannan na ɓamɓare takardar, na fita na durƙusa a gabansa na ba shi haƙuri. Na ba shi labarin tun daga ɗigon da ya ɓace har wayar da na fizge. Da na zo wurin nan ya ɗago kai.

"Ke kika cire? A gaban Turawan?"

"Ni na cire, Baba."

Ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara.

"Kuma akwai saƙo," na ce. "Za a sake gwaji ranar Laraba. Suna roƙo, in ba damuwa, ƙarfe huɗu daidai ka cire filogin, ka mayar bayan minti ashirin. Sun ce na Kaduna suke so, kuma hannunka suke so."

"Su suka faɗa, ko ke kike lallashina?"

Na nuna masa a waya, inda Tomas ya rubuta sunansa a jadawalin aiki, Ayuba, tsakanin sunan wata mata daga Koriya da wani daga Brazil. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu.

Ranar Laraba tun ƙarfe uku ya yi wanka. Ya ciro tsohon kakinsa na masaƙa daga ƙasan akwati, ya goge shi, ya ɗaura agogo. Mama Talatu maƙwabciyarmu ta leƙo gaisuwa ya ce ta dawo anjima, yana bakin aiki. Huɗu saura minti biyar yana tsaye a gaban soket, hannu a baya, kamar mai jiran a busa ƙahon canjin ma'aikata. Na leƙa ta taga, sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

"Baba, lokaci ya yi," na ce.

"Saura daƙiƙa goma," ya ce, idonsa a kan agogo. "Kada ki koya mini aikina."